Ranar da Muka Wanke Karen Arvo

Warin ne ya riga karen isowa. Ina tsaye a kicin da hantsi ina murza ƙullin burodi, tagogi duk a rufe saboda sanyi, sai na ji wani abu ya doki hancina har ƙwalla ta zubo min. Wanda bai taɓa shaƙar feshin bodari a kusa ba, ba zai gane ba ko da an kwana ana ba shi labari. Abin yana shiga ido, ya kwanta a kan harshe, ka ji shi har cikin haƙora, kamar an ƙona tayar mota a kan ruɓaɓɓiyar tafarnuwa. Na haura shekara sittin a wannan dajin namu na arewacin Michigan a Amurka, amma har yau in na shaƙe shi sai na tsaya ina jinjina yadda Allah ya ɗura wannan iko a cikin dabbar da ba ta wuce girman kyanwa ba.

Na leƙa ta taga. Ga Ukko nan a gindin matakala, tsohon farin kare, idanunsa jajur suna tsiyayar ruwa, yana ta goga fuska a sauran dusar ƙanƙarar da ta rage.

Ukko ba namu ba ne, na maƙwabcinmu ne Arvo Niemela. Tun farkon hunturu aka kwantar da Arvo a asibitin gari, huhunsa ya gaji da ƙurar ramin tagulla da ya sha shaƙa a ƙuruciya, shi ne muka riƙe masa karen. Kullum da safe Ukko sai ya tsallaka gona ya je ya zagaya gidan ubangidansa, ya tabbatar bai dawo ba, sannan ya komo. Yau a zagayen nasa ya tura kai ƙarƙashin rumbun ciyawa, ya tarar da mai wurin.

Da wata rana ce daban, da na ɗaure shi a bayan gida har sai iska ta yi aikinta. Amma da sassafe Darlene, 'yar Arvo tilo, ta bugo min waya daga asibiti muryarta a dishe. Likita ya ce da wuya mahaifinta ya wuce gobe. Ba ya neman abinci, ba ya neman fasto, karensa kawai yake ta kira. Babbar nas ɗin ɗakin ta yarda a shigo da shi ta ƙofar baya kafin ta tashi aiki da la'asar, bisa sharaɗi ɗaya: ya zo fes, a bushe, ba wari ko kaɗan, domin duk masu ciwon ƙirji ne a jere a wurin. In ta ji wani abu, a bakin ƙofa za ta mayar da shi.

"Reino!" na ƙwala wa mijina kira. "Zo ka ga abin da ɗan riƙonka ya jajibo mana."

Ya fito daga ɗakin itace ya toshe hanci da hula. "Kai, kai, kai! Ukko, wa ya aike ka? Duk faɗin dajin nan ka rasa wanda za ka gaisar sai bodari?"

"Yau ce fa ranar, Reino."

Ya sauke hular a hankali, ya dubi karen, ya dubi rana. "To tsayuwar me kike yi, Helmi? Ɗauko tumatir."

Kowa a yankinmu ya san maganin feshin bodari, ruwan tumatir ne. Haka muka taso muka ga iyayenmu suna yi, ba kuma wanda ya taɓa tambayar dalili. Na sauka ɗakin ajiya na ƙarƙashin gida na kwaso kwalaben tumatirin da na dafa na adana tun kaka, wanda na ci burin ya kai mu har sabo ya nuna. Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba, amma ban bar ko kwalba ɗaya ba. Reino ya hura wuta a ɗakin suracenmu na bayan gida don ruwa ya yi ɗumi, muka ja Ukko ciki yana tirjewa, muka saka shi a babban baho.

Muka yi ta kwarara masa, muna cuɗawa. Ukko ya girgije, tumatir ya fantsama har rufi, ya wanke wa Reino gemu.

"Riƙe shi da kyau mana, tsohon nan! Kare ma ya fi ƙarfinka?"

"Ke zo ki riƙe, ni in zuba. Baki dai ba ya gajiya."

Da muka ɗauraye shi, farin karen Arvo ya koma ruwan hoda tun daga kunne har wutsiya, da 'ya'yan tumatir maƙale a gashinsa. Reino ya sunkuya ya sunsuna bayansa, ya ɗago yana washe baki. Ni ma na sunsuna. Tumatir kawai na ji. Muka dubi juna muna ta yaba wa kanmu, har Reino yana cewa na da ba su yi ƙarya ba.

Muna cikin goge shi a tsakar gida motar Darlene ta shigo. Mai gyaran gashin mata ce a birnin Detroit, ta rufe shagonta ta zo tana kwana a kujera kusa da gadon uban. Ta buɗe ƙofar mota, ta sako ƙafa ɗaya, sai ta ja da baya kamar an mare ta, ta dafe baki.

"Gwaggo Helmi, mene ne wannan?"

"Bodari ne ya ɗan taɓa shi, amma kwantar da hankalinki, mun wanke shi tas."

"Kun wanke shi? Tun daga kwanar hanya nake jin warin gidan nan, gilasaina a rufe!"

Nan na gane. Ashe warin yana nan daram, hancinmu ne ya gaji ya daina kai ƙara. Watakila ma haka iyayen namu suka yi ta yi shekara da shekaru, suna asarar tumatir suna yawo cikin mutane da wari, kowa yana jin nauyin faɗa musu. Tsugune dai ba ta ƙare ba, ga rana ta fara karkata.

Darlene ta zauna a bakin kujerar mota ta fashe da kuka. Tun tana goye na san ta, ban taɓa ganin ta yi irin wannan kukan ba, ko ranar da aka binne uwarta. "Na ce masa ina zuwa da shi," take faɗi. "Na ce masa kada ya yi barci, ya jira ni. Yanzu in koma in ce masa me?" Tausayinta ya kama ni. Ukko ya nufe ta yana kaɗa wutsiya, dole Reino ya riƙe shi.

Can ta share fuska da bayan hannu, ta ɗago kai ta dube ni. "Gwaggo, akwai bekin soda, garin nan mai tayar da ƙulli, a gidan nan?"

Reino ya tuntsire da dariya duk da halin da ake ciki. "'Yar nan, a gidan Helmi kike tambayar soda? Ai da ita aka aura min ita. Tukunya ta ƙone, soda. Ƙwannafi ya taso min, soda a ruwa. Zuma ta harbe ni, a kwaɓa soda a shafa. Takalmina, firji, haƙorana, har hammatata ba ta bari ba. Ran da na mutu ma ki duba akwatin gawar, za ki ga ta barbaɗa."

"Da ban barbaɗa a takalmanka ba da tuni na koma gidanmu," na ce.

Gaskiya ya faɗa. Daga uwata na gaji wannan farin garin. Ina yarinya na ga mai ya kama da wuta a kaskonta, harshen wutar ya kusa lasar labule, ta ɗebi soda cike da hannu ta watsa, wutar ta kwanta nan take kamar an tsawata mata. Tun daga ranar nake ganin girman soda. Amma ko a mafarki ban taɓa cewa za ta iya tunkarar bodari ba. A ganina kowane ƙarfi yana da iyakarsa, bodari kuwa yana can gaba da iyakar.

"A rediyo na ji, ina tuƙi," in ji Darlene. "Wani masanin haɗa magunguna ne yake bayani. Ya ce soda, da ruwan haidirojin ɗin nan na wanke rauni, da ɗan sabulun wanke-wanke. A haɗa a buɗaɗɗen bokiti, a yi amfani da shi yana kan kumfa."

"Rediyo," in ji Reino. "Su da suka ce jiya za a yi rana."

"Kana da wata dabarar? Ko akwai sauran tumatir a aljihunka?" na tambaye shi.

Ya wuce garke ya ɗauko babbar kwalbar haidirojin da yake wanke wa shanu ciwo da ita, ni na ɗauko tawa ta ɗakin wanka, da kwalin soda sabo, da sabulun kwanuka. Muka koma ɗakin surace. Darlene ta naɗe hannun riga ta tuttule ruwan a bokiti, ta ce in zuba soda kamar cikin tafin hannu biyu, ta ɗiga sabulu.

Bokitin ya ce shuuu. Farar kumfa ta taso tana tsiyaya tana raɗa, ƙananan ƙwayoyi suna fashewa suna sake haihuwar wasu. Na sha ganin soda tana kumfa a ƙullin waina, amma wannan daban ce, kamar abu mai rai da aka tasa daga barci. Har karen ya miƙe kunne.

Daga nan Darlene ta karɓi aikin. Hannun da ya saba da kan matan birni ya shiga gashin Ukko, tana buɗa shi layi-layi, tana cusa kumfar har fata, wuya, ƙirji, ƙarƙashin ciki, tsakanin yatsu. Tana yi tana masa magana ƙasa-ƙasa. "Tsaya, ɗan tsoho. Baba na jiranka. Ka ga yadda ka koma, kamar alewar yara? Tsaya mana." Shi kuwa da ya ba mu wahala ɗazu, sai ga shi ya tsaya cak, yana kallon bango.

Kumfar ta fara rinewa, ta koma ɗorawa-ɗorawa, tana gangarowa cikin baho. Muka bar ta a jikinsa na ɗan lokaci. A nan ne na ji abin da har yau nake kasa kwatantawa. Iskar ɗakin ta yi sauƙi. Wani nauyi da ya danne min goshi tun safe, wanda na ma manta yana nan, sai na ji an ɗauke shi. Na ja numfashi har ƙasan ciki, na ji ƙanshin katakon ɗakin da hayaƙin murhu, abubuwan da tun hantsi suka ɓace min. Gari ne fa na cikin kwali, wanda nake goge tukunya da shi, ga shi ya kama abin da ke korar beyar, ƙaton naman dajinmu, daga hanya ya kashe shi a gaban idona.

"Ikon Allah," in ji Reino a hankali. Sai kuma halin ya motsa. "Bari in ɗura sauran a kwalba in toshe, saboda gaba."

"Kawu Reino, kada ka soma! Mutumin ya ce in aka toshe shi fasa kwalbar yake yi."

Ya ajiye kwalbar da sauri ya matsa gefe.

Muka ɗauraye Ukko da ruwan ɗumi, muka goge shi da duk tawul ɗin da na mallaka, muka zaunar da shi kusa da murhu. Farinsa ya dawo, sai ɗan jan da ya maƙale a kunnuwa. Amma an ce in maciji ya sare ka, ko tsumma ka gani sai ka yi tsalle. Hancinmu ya riga ya yaudare mu sau ɗaya, na Darlene ma yanzu ya sha warin ya ƙoshi. Muna bukatar hancin da bai san komai ba.

Allah ya kawo Elwood mai raba wasiƙu, ya tsaya da motarsa a bakin hanya. Na ja Ukko da igiya na nufe shi ina ɗaga hannu.

"Elwood, sauko ka sunsuna min karen nan."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Helmi, lafiya dai? Ko hunturun bana ya taɓa ki?"

"Sauko, ba ni da lokacin surutu. Wajen Arvo za shi."

Da ya ji sunan Arvo sai ya buɗe ƙofar motar. Ya sauko, ya durƙusa a cikin laka da kayan aikinsa, ya sunsuna bayan karen, ya sunsuna wuyansa, ya koma wutsiya. Ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"Kare dai ƙanshin sabulun kwano yake. Amma ke, Helmi, don Allah ɗan matsa baya. Ke ce bodarin."

Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Muka bar karen a hannun Elwood, muka ruga muka tuɓe kayan jikinmu muka watsar a waje, muka wanke hannu da gashi da sauran haɗin. Darlene ba ta zo da wasu kaya ba, sai rigata ta zuwa coci ta saka, ta yi mata yawa kamar buhu. Reino ya ce shi zai zauna ya ji da gida, amma na san dalilinsa. Tare suka shiga ramin tagulla da Arvo suna samari, ba zai iya kallonsa a haka ba.

Rana ta yi ƙasa sosai lokacin da muka isa ƙofar baya ta asibitin. Babbar nas ɗin tana tsaye ta riga ta rataya jakarta, mace mai faɗin kafaɗa da ba ta da alamar wasa. Ba ta gaishe mu ba. Ta sunkuya ta shafa bayan Ukko, ta kai tafin hannun hancinta. Ta sake shafa ƙirjinsa, ta sake sunsunawa.

"Me ya sami kunnuwansa?"

"Tumatir," na ce.

Ta dube ni, ta dubi rigar da ke jikin Darlene. "Ku biyo ni. Kada ya yi haushi."

Ɗakin Arvo ɗan ƙarami ne, tagarsa tana kallon bangon wani gini. Ba ya warin komai sai maganin goge ƙasa. Mutumin da na sani yana ɗaga gungumen itace shi kaɗai ya koma ɗan tsurut a cikin bargo, da robar iska a hancinsa, idanunsa a rufe. Na ɗauka mun makara.

Ukko bai jira kowa ba. Ya ja igiyar daga hannuna, ya ɗora ƙafafun gaba a kan gadon, ya tura kai ƙarƙashin hannun ubangidansa yana wani ɗan kuka a maƙogwaro. Yatsun Arvo suka motsa. Suka lalubi kunne, suka kama.

"Baba, ga shi na kawo maka," in ji Darlene.

Ya buɗe ido da ƙyar. Ya daɗe yana kallon karen. Sannan ya ce, da wata murya kamar ana jan takarda, "Wa ya wanke min kare da sabulun kwano?"

Darlene ta yi dariya da hawaye a haɗe. Shi kuwa ya janye robar daga hancinsa, ya jawo kan Ukko da ɗan ƙarfin da ya rage masa, ya kifa fuskarsa a goshin karen, daidai tsakanin idanu. Wurin nan ne kaɗai hannun Darlene ya ji tsoron kai kumfa, gudun kada ta shiga ido. Ɗumin numfashinsa ya ratsa gashin. Sai ga warin ya taso, siriri, ɗan kaɗan, amma ba mai kuskure shi. Ni da ke ƙarshen gado na ji shi. Nas ɗin ma ta ji, domin na ga hancinta ya motsa, ta tako ta kama igiyar.

"Dakata," in ji Arvo.

Ya ja numfashi, dogo, irin wanda na tabbata ya yi watanni bai ja ba. Ya riƙe shi a ƙirji kamar mai rowar sakinsa.

"Bodari," ya ce.

"Yi haƙuri, Baba, mun yi iya ƙoƙarinmu, wallahi mun..."

"Na ƙarƙashin rumbuna?"

"Can ya samo shi," na ce.

"To ya fito ke nan." Ya tattara iska. "Ba ya fitowa sai ƙasa ta saki. Darlene, hunturu ya wuce?"

Sai a lokacin na tuna, tun da aka kawo shi nan bangon nan kawai yake gani.

"Ya wuce, Baba. Ƙanƙara na narkewa. Rafin bayan gidanka ya fara gudu, har kan hanya ake jin sa."

Murmushi ya buɗe a fuskarsa a hankali, har ya kai idanu. "Likitan nan ya ce ba zan kai bazara ba," ya ce. "Ki gaya masa na kai."

Nas ɗin ta dubi igiyar da ke hannunta. Ta ajiye ta a kan bargo, ta je ta tura ƙofar ɗakin ta rufe, ta sauke jakarta ƙasa, ta jingina bayanta da ƙofar. Arvo ya sake mayar da fuskarsa cikin gashin karen, ya ci gaba da shaƙa.